Yadda muka bi sawun makarantar kwanan kakan Umma, daga Liverpool har Birkdale

Duk wanda yake son nemo makarantar da wani kakansa ya yi a Ingila zamanin da, kada ma ya sa rai zai tarar da takarda guda da aka rubuta wane ɗan wane ya yi makaranta kaza daga shekara kaza zuwa kaza. In dai ba irin manyan makarantun nan ba ne masu tsohon suna, to babu ita. Abun da zaka samu gutsattsari ne da aka rubuta saboda wasu dalilai daban, wata takardar gwamnati ce ta rubuta don ta san yawan mutanenta, wata an buga ta don ɗan kasuwa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa, wata kuma talla ce kawai a jarida, kai ne zaka zauna ka yi ta jera su har su yarda su yi magana da juna. Ni da ƙanina haka muka yi, sai da abun ya kai mu Wales ya dawo da mu.

Kakan Umma, wato baban mahaifiyarta, asalinsu mutanen bakin ruwa ne, aikin akawu ne ya kawo shi cikin Hausawa ya yi aure ya zauna har ya rasu. Abun da aka sani a gida shi ne babansa ɗan kasuwa ne mai hulɗa da kamfanonin Liverpool, kuma yana yaro ɗan sha biyu ko sha uku aka saka shi a jirgin ruwa aka kai shi karatu Ingila. Daga nan labari ya rabu biyu. Kawu, yayan Umma, shi tun muna yara yake cewa kakansa Oxford ya yi, kuma in ka ga yadda yake faɗa ba zaka iya yi masa musu ba. Umma kuma abun da ta riƙe daga bakin mahaifiyarta shi ne wai makarantar a bakin teku take, amma tekun guduwa yake yi, sai ka fito da safe ka neme shi ka rasa. Mu dai dariya muke yi in ta faɗa. Da na samu zuwa wajen ƙanina da yake aiki a Liverpool, Umma tace tunda Allah ya kai ki garin da jirgin ya sauke shi, ki bincika min. Nace toh Umma, a raina ina tunanin ta ina ma zan fara.

Babban laburaren Liverpool muka fara zuwa, yana kan William Brown Street, taku kaɗan daga tashar Lime Street. Ginin kansa abun kallo ne, akwai wani zagayayyen ɗakin karatu da ake kira Picton mai benaye na littattafai har sama, amma mu can sama muka haura inda ake ajiye tsofaffin takardun gari. A nan wata ma'aikaciya mai haƙuri ta zaunar da mu gaban kwamfuta ta yi mana karatun ƙidaya daga tushe, kuma wallahi da ban samu wannan bayanin ba da yawo kawai zan yi ta yi.

Ingila da Wales suna ƙidayar jama'a duk shekara goma tun 1801, amma na farko-farkon adadi kawai aka tara. Daga 1841 aka fara rubuta sunan kowa, shi ma ɗin da sauƙi-sauƙi, don duk wanda ya wuce shekara 15 sai a rage masa shekaru zuwa biyar ɗin da ke ƙasa, mai 29 ya koma 25. Daga 1851 ne abun ya zama mai amfani sosai: suna, shekaru, sana'a, inda aka haife ka, da kuma dangantakarka da mai gidan da ka kwana. Kuma maganar kwanan ita ce komai, saboda ƙidayar ba ta tambayar ina ne gidanku, tambayarta ita ce a wane gida ka kwana a wannan dare guda. Na 1891 daren 5 ga Afrilu ne, na 1901 daren Lahadi 31 ga Maris, na 1911 daren 2 ga Afrilu. Ba a buɗe sunayen sai sun cika shekara ɗari, shi yasa na 1921 sai a Janairun 2022 ya fito. Na 1931 ya ƙone ƙurmus a wata gobara a 1942, a 1941 kuma ana yaƙi ba a yi ba. Asalin littattafan suna ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kew, can Landan, amma an ɗauki hotonsu duka an zuba a shafukan intanet na binciken asalin dangi, Ancestry da Findmypast, kuma laburare da yawa suna bari ka duba kyauta in ka zauna a kwamfutarsu.

Toh kun ga matsalar. Yaron da ya yi shekara huɗu ko biyar a makaranta, in zamansa ya faɗo tsakanin ƙidaya biyu, misali ya zo 1893 ya tafi 1898, shikenan ƙidaya ba ta san da shi ba. Mu lissafin da muka yi da shekarun haihuwar 'ya'yansa ya nuna an haife shi wajen ƙarshen shekarun 1880, kenan in da rabo daren 1901 zai same shi a ƙasar.

Muka rubuta sunansa, babu. Muka juya harufan ta kowace fuska, muka sa sunan babansa a matsayin sunan dangi, muka cire, babu. Ma'aikaciyar tace kar mu damu wannan ba komai ba ne, don sunan ya bi ta hannu uku kafin ya iso gabanmu: mai gida ya cike fom da yadda kunnensa ya ji, malamin ƙidaya ya kwafe fom ɗin cikin littafinsa da irin nasa rubutun, sannan bayan shekara ɗari wani ya zauna yana karanta wannan rubutun yana bugawa a kwamfuta, mai yiwuwa bai taɓa jin irin sunan ba a rayuwarsa. Fom ɗin asali na 1901 ma an lalata su, kwafin kawai ya rage. Sai ta tambaye mu ko mun san labarin Colwyn Bay.

Ba mu sani ba. Ashe akwai wata makaranta a arewacin Wales, a bakin teku, da aka buɗe musamman don yaran Afirka. Wani ɗan mishan ne na ɗariƙar Baptist, William Hughes, ya yi aiki a Kongo, rashin lafiya ta koro shi gida a 1885, ya taho da yara biyu, Kinkasa da Nkanza. Wajen 1890 ya kafa makarantar a wani gida mai suna Myrtle Villa, da farko ana ce mata ta Kongo, daga baya ta zama ta Afirka gaba ɗaya don ɗalibai sun riƙa zuwa daga Kamaru, Saliyo, Laberiya, Najeriya har da Afirka ta Kudu. D.D.T. Jabavu, wanda ya zama babban malami kuma ɗan siyasa a Afirka ta Kudu, ya zauna a garin yana karatu. Tsarin Hughes shi ne yaro ya yi karatu kuma a kai shi wajen masu sana'a a gari ya koyi aikin ɗab'i ko kafinta ko ɗinki ko haɗa magani, sannan ya koma ƙasarsu ya tsaya da ƙafarsa. Alfred Jones, mai kamfanin jiragen ruwa na Elder Dempster da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da Afirka ta Yamma, shi yake kawo yaran kyauta. Wani abun da ya tsaya min a rai shi ne uban makarantar na girmamawa Sarki Leopold na biyu na Beljiyam ne, mutumin da ake yanke hannayen mutanen Kongo a ƙarƙashin mulkinsa saboda roba. Duniya kenan.

A take muka buɗe shafin gidan na 1901, muka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, namu ba ya ciki. Amma ƙanina yace Yaya tunda ba nisa mu je mana mu gani da ido, ni ma dama raina ya biya. Jirgi muka hau zuwa Chester muka canza, daga nan layin ya bi gaɓar teku, Rhyl, Abergele, ruwa a hannun dama duwatsu a hagu, sanarwar tasha ana yi da harshen Wales kafin Turanci. Garin shiru, yawanci tsofaffi ne ke yawo da karnuka. Muka taka har maƙabartar Old Colwyn inda aka binne wasu daga cikin ɗaliban da ba su koma gida ba, har da Nkanza da ya rasu a 1892 yana saurayi. Shi Hughes ɗin ma ƙarshensa ba daɗi. A ƙarshen 1911 wata mujalla mai suna John Bull ta buga labarin abun kunya a kan makarantar, ya kai ƙara kotu kan ɓata suna ya faɗi a 1912, masu ba da taimako suka janye, makarantar ta rufe, shi kuma ya mutu a gidan gajiyayyu na Conwy a 1924. Na tsaya kan kaburburan nan ina ta tunanin iyayen da suka raka yaro bakin jirgi, sai wasiƙa kawai ta dawo musu bayan wata da watanni. Ƙanina da ya ga na yi shiru da yawa yace mu tafi kar jirgi ya wuce mu. A hanyar komawa na lura tekun Colwyn Bay yana janyewa kam in lokacinsa ya yi, amma yana nan kana ganinsa, bai gudu ko'ina ba.

Da muka koma laburare sai muka canza dabara, muka bar suna gaba ɗaya. Muka bar gurbin suna fayau, muka sa namiji, shekarar haihuwa tsakanin 1886 da 1890, wurin haihuwa Afirka, gunduma Lancashire, tunda a lokacin Liverpool da kewayenta duk cikin Lancashire suke. Sunaye suka zubo, yawancinsu 'ya'yan Turawa ne da aka haifa a Cape ko Natal na Afirka ta Kudu, ko Masar. Muka riƙa tsallake duk wanda aka rubuta ɗan mai gida ne, muna tsayawa kan waɗanda aka rubuta "Boarder" ko "Pupil", wato ɗan kwana ko ɗalibi. A nan ne muka ci karo da wani suna da in ka karanta shi yadda aka buga a kwamfuta ba zaka ce na ɗan Adam ba ne, amma da muka buɗe hoton shafin muka ƙara girmansa, sai ga harufan sun fito, harafin farko ne mai kwafe ya karanta ba daidai ba, na tsakiya biyu kuma suka haɗe. Shekara 13. Wurin haihuwa Afirka ta Yamma, talakan Birtaniya. Gari: Birkdale, wanda ke bakin teku kusa da garin Southport, arewa da Liverpool, ƙarƙashin gundumar rajista ta Ormskirk.

Ƙanina ya buga tebur har wani dattijo da ke gefe ya ɗago ya kalle mu.

Shafin nan na daɗe ina kallonsa, don gida ne guda cur aka jera a gabanka kamar an yaye rufinsa. A sama mai gida, sana'a malamin makaranta, kuma a layin da ake tambaya ko ma'aikaci ne ko mai ɗaukar ma'aikata an rubuta shi mai ɗauka ne. Matarsa, 'yarsu budurwa, ƙaramin malami ɗaya saurayi, sai kuku da 'yan aiki mata biyu da aka haifa a ƙauyukan Wales. Sannan yara maza su wajen ashirin, daga ɗan tara zuwa ɗan sha shida. Yawancinsu daga Manchester da Bolton da Oldham, wato 'ya'yan masu masaƙu da manyan kantuna da ake turowa bakin teku su huta da hayaƙin garuruwansu. Sai ɗaya haifaffen Indiya, wasu 'yan'uwa biyu daga Brazil, da wani yaron shi ma daga Afirka ta Yamma da ya girmi namu da shekara ɗaya, sunansa yana ƙasan nasa kai tsaye. Na ji daɗin ganin wannan yaron fiye da yadda zan iya faɗa, ko ba komai akwai wanda za su kalli juna in an kawo abincin da ba su gane ba. Kuma mun yi sa'ar rana, don Ista ta 1901 ranar 7 ga Afrilu ta faɗo, mako guda bayan ƙidaya, yara ba su watse hutun Ista ba tukuna. A 1891 kuwa ƙidayar mako guda bayan Ista aka yi, sai ka buɗe makaranta ka tarar da malami da kuku da yara ƙalilan, waɗanda gidansu ya yi nisan da ba a zuwa hutu.

Sai dai duk shafin nan babu inda aka rubuta sunan makarantar. Sunan titi ne kawai da lambar gida. Manyan makarantu masu ɗaruruwan yara ana ba su littafi nasu daban da sunansu a bango, amma ƙanana irin wannan a idon malamin ƙidaya gida ne kamar kowane gida, mai shi dai yana da baƙi da yawa.

A nan kundin adireshi ya shigo. Kafin zuwan littafin lambobin tarho, akwai kamfanoni da sana'arsu kenan, su tura mutane gari-gari titi-titi suna rubuta waye a wane gida kuma me yake yi, su buga littafi mai kauri su sayar. Pigot da Slater da White duk sun yi, amma wanda ya fi shahara shi ne Kelly, sunan wani jami'in gidan waya ne, Frederic Kelly, da ya karɓi kundin Landan a shekarun 1830 daga baya ya bazu gunduma-gunduma. Jami'ar Leicester ta ɗora ɗaruruwansu a intanet kyauta, daga shekarun 1760 har zuwa 1910 da wani abu, wasu kuma sai dai ka je laburare a ɗauko maka. Ba kowa ake sakawa ba fa, leburori da 'yan haya ba ruwan kundin da su, mata ma sai wadda take da gidan kanta ko sana'a. Amma mai makarantar kuɗi dole ya shiga, don ta nan iyaye ke samunsa.

Ta wuri uku zaka nemi mutum a ciki. Akwai jerin sunaye bi da bi, akwai jerin sana'o'i inda makarantun kuɗi ke da nasu sashe, sannan a kundin gari akwai jerin tituna gida bayan gida. Muka ɗauki sunan malamin daga ƙidaya muka nema a sunaye, sai ga shi, kusa da shi an rubuta makarantar kwana ta yara maza, da sunan gidan, irin sunayen nan masu ƙarewa da House. Da na duba sashen makarantu na Southport da Birkdale kuwa sai da na riƙe baki, shafi ya cika ya tumbatsa, na maza daban na 'yan mata daban, da yawa wasu 'yan'uwa mata biyu ko uku ne da ba su yi aure ba suka haɗu suka buɗe a gidan gadonsu. Dalili kuwa a lokacin ba ka buƙatar izinin kowa ka buɗe makarantar kuɗi a Ingila. In kana da babban gida da allo da bakin iya talla, shikenan ka zama hedimasta. Dokar ilimi ta 1944 ce ta kawo maganar yi musu rajista, ita ma sai 1957 ta fara aiki. Shi yasa neman rajistar ɗalibai ta irin waɗannan makarantu yawanci wahalar banza ce, kasuwanci ne na mutum ɗaya, ranar da ya mutu ko ya karye littattafansa suka bi shara.

Wata dabara da ma'aikaciyar ta koya mana, kar ka tsaya kan kundin shekara ɗaya, ka jera na shekaru daban-daban. Da muka yi haka muka ga a tsakiyar shekarun 1890 malamin yana wani ƙaramin gida a cikin Southport, kafin 1901 ya koma babba a Birkdale, alamar kasuwa ta buɗe. Kuma ka riƙa tuna abun da ke cikin kundi an tattara shi ne watanni kafin a buga, na 1902 labarin 1901 yake ba ka. Jerin titunan kuma shi ya cece mu wajen gane gidan, don lambobin gidaje sun canza tun tuni, amma kundin yana faɗin inda wani titi ya ratsa, sai ka ƙirga gida na nawa ne daga kwana. Muka ɗauki wannan muka ɗora kan tsohuwar taswirar gwamnati ta Ordnance Survey mai inci 25 a mil guda, wadda laburaren ƙasa na Scotland ya saka a intanet ta yadda zaka jera ta gefe da gefe da hoton tauraron ɗan Adam na yau. Gida na huɗu daga kwana, mai fili a baya. A hoton yau ma akwai rufi a wurin, fasalinsa iri ɗaya.

Ni fa har lokacin ban saki jiki ba. Suna da shekaru da Afirka ta Yamma sun yi daidai, amma mutane nawa ne suka ɗauki kakan wasu suka rataya a bangon falonsu saboda suna ya zo ɗaya? Ina son shaida ta biyu da ba ta jingina da ta farko ba. Jaridu ne suka ba mu. Da sunan makarantar a hannu muka shiga rumbun tsofaffin jaridun Birtaniya, tallarta ta fito a jaridun Liverpool da Manchester, iska mai kyau, abinci wadatacce, ana shirya yara don kasuwanci da jarrabawa, kuɗin shekara kuma da gini ake faɗa ba fam ba, gini ɗaya sule 21 kenan, haka masu son nuna aji suke sa farashi. Layin ƙarshe yace ana ɗaukar cikakken nauyin yaran da iyayensu ke ƙasashen waje har lokacin hutu. Na ce lallai wannan layin ne wani wakilin kamfani a Liverpool ya karanta ya rubuta wa baban yaro cewa an samu wuri. Sannan a wata jaridar bayan shekara biyu, cikin jerin yaran da suka ci jarrabawa, sai ga sunansa an rubuta daidai wannan karon, da harufan farko guda biyu na sunayensa, na biyun kuwa harafin farko ne na sunan da Umma ta ce mahaifiyarta kaɗai ke kiransa da shi in tana ba da labari, sunan da ba mu taɓa sakawa a bincike ba. Kusa da shi sunan makarantar.

Jarrabawar kuma ta Oxford ce. Tun 1858 jami'o'in Oxford da Cambridge suke shirya jarrabawa ga yaran makarantun da ba nasu ba, a aika takardu garuruwa, yara su zauna a wani zaure kusa da su su rubuta, a mayar a duba, wanda ya ci a ba shi satifiket mai sunan jami'ar ɓaro-ɓaro a sama. Yaro zai iya samun takardar Oxford bai taɓa taka garin ba. Da daddare na kira Kawu na yi masa bayani a hankali yadda ba zai ji an ƙaryata shi ba. Ya yi shiru, can yace to ai maganata ta fito kenan, takardar Oxford ce ko ba ita ba ce? Nace ita ce Kawu. Yace to madalla, ki gaishe da ƙaninki.

Birkdale kuwa tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba daga tashar Liverpool Central, jirgin Merseyrail ne ke bi ta Bootle da Crosby da Formby, daga nan sai tuddan yashi da filayen wasan golf. Layin tsoho ne, tun wajen 1850 ya haɗa garuruwan biyu, an sa masa lantarki a 1904, kenan shi a jirgi mai hayaƙi ya zo, daga tashar Exchange da aka rufe a 1977. Muka wuce har Southport tukuna don mu ga gari. Garin bai tsufa sosai ba, a 1792 wani William Sutton ya kafa wurin wanka a bakin yashi mutane suna masa dariya, daga baya masu kuɗin Lancashire suka mamaye wurin. Lord Street mai faɗi ce da bishiyoyi da rumfunan gilashi a gaban kantuna. Muka miƙe zuwa bakin ruwa inda doguwar gadar shaƙatawar nan ta 1860 take, wadda a duk Birtaniya ta Southend ce kawai ta fi ta tsawo, kuma dalilin tsawon nata a gabanmu yake: babu ruwa. Yashi ne jiƙaƙƙe shimfiɗe iya ganinka, can ƙarshen duniya wani siririn layi mai ƙyalli wai shi ne tekun. Na kunna bidiyo na kira Umma na juya mata kyamara ban ce komai ba. Tace ina ne nan kuma, nace bakin teku ne Umma. Tace ina tekun? Sai kuma ta gane, ta fara salati tana kiran sunan mahaifiyarta, ƙanina na gefe yana cewa Umma kar ki yi kuka mana kati zai ƙare, alhali da wayfay ɗin wani shagon shayi muke.

Daga nan da ƙafa muka gangara Birkdale. Har 1912 gari ne mai cin gashin kansa kafin a haɗe shi da Southport, kuma ɓangaren da ke kusa da teku an tsara shi ne tun farko don masu hali, tituna masu faɗi, manyan gidajen jan bulo kowanne da filinsa da katangarsa. In ka gansu zaka gane dalilin da makarantu suka yi yawa a wurin, gida ɗaya zai ɗauki gadaje ashirin ba a takura ba. Da yawa an rushe an yi benaye na zamani, wasu sun zama gidajen kula da tsofaffi. Muka tsaya a kwana da hoton taswira a waya muka ƙirga. Na huɗun yana nan, hawa uku, tagogi dogaye, an raba shi gida-gida don mun ga maɓallan ƙararrawa shida a bakin ƙofa da kwandunan shara jere. A jikin ginshiƙin dutse na bakin get akwai sunan gidan da aka sassaƙa, an shafe shi da fenti amma in ka matsa kana karantawa, shi ne dai na cikin kundin. Filin bayan da yara ke wasa yanzu wurin ajiye motoci ne. Ba mu ƙwanƙwasa ba, me za mu ce musu, mun dai ɗauki hoton ginshiƙin daga kan titi, wata mata da ta fito da keken jariri ta tambaye mu ko mun ɓata ne, ƙanina yace a'a kakanmu ne ya taɓa zama a nan, ta ce a wane fulat, yace a 1901, ta yi dariya ta wuce.

A jirgin komawa na buɗe ƙidayar 1911 a waya don in ga yadda makarantar ta ƙare. Wannan ita ce ta farko da aka ajiye fom ɗin da masu gida suka cike da hannunsu, don haka rubutun mutum kake gani da sa hannunsa. A gidan na Birkdale wata bazawara ce da 'yan haya uku, ba yaro ko ɗaya. Malamin kuma na same shi a wata unguwa a Liverpool cikin gida mai ɗaki biyar, shi da matarsa kawai, a gurbin sana'a ya rubuta wakilin kamfanin inshora. Rubutun nasa mai kyau ne ƙwarai, a kwance, kowane harafi da jelarsa, na tura wa Umma hoton tace sak irin na cikin tsohon littafin lissafin kakanta da ke wajen Kawu. Yanzu rigimar da ake ciki ita ce Kawu ya ɗauko littafin a ɗauki hotonsa a kwatanta, shi kuma yace sai ya nemo makullin akwatin.